Madubin da Muke Duba Kanmu a Legas

Akwai wani dattijo da muke sallar asuba tare a wani ƙaramin masallaci da ke Agege. Mahaddaci ne, ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, kuma duk ranar da liman bai fito ba shi ake turawa gaba. A garinsu, can ƙasar Haɗeja, ba mai kama sunansa, sai dai a ce Alaramma. Wata rana muka shiga danfo ɗaya, wato ƙaramar bas ta haya, daga Oshodi, yana rungume da ƙullin goro. Kwandasta ya miƙo hannu, ko fuskarsa bai kalla ba, ya ce, "Aboki, owo e da?" Wato ina kuɗinka, da Yarabanci. "Aboki" kuwa shi ne sunan da ake kiran ɗan Arewa da shi a Legas, sau da yawa cikin raini. Sai na ga dattijon nan ya takure a kujera, ya shiga lalube aljihu da rawar jiki kamar wanda aka kama da laifi. Ya miƙa kuɗin, bai tambayi canji ba.

Da muka sauka na ce masa, "Alaramma, ai da sauran canjinka a hannun yaron nan."

Ya ce, "Bar shi, ɗana. Nan ba garinmu ba ne. A nan ni aboki ne."

Na daɗe ina juya maganar nan a raina. Abin da kwandasta ya faɗa bai dame ni sosai ba, domin mai yiwuwa bai nufi komai ba, haka bakinsa ya saba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne yadda Alaramma ya karɓi sunan ya rataya wa kansa da bakinsa. Mutumin da ya shekara sittin yana sanin ko shi wane ne, cikin tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ya yarda da bayanin wani yaro da bai taɓa ganinsa ba. Tun daga ranar nake tambayar kaina: daga ina mutum yake samo sanin kansa, kuma mu da muke zaune a wannan gari, wa muka bar wa aikin gaya wa 'ya'yanmu ko su su wane ne?

Yawancinmu muna ɗauka sanin kai abu ne mai sauƙi, ka rufe ido ka leƙa zuciyarka kawai. Masu nazarin halayyar ɗan'adam a cikin jama'a sun daɗe da gano cewa ba haka abin yake tafiya ba. A 1902 wani masani ɗan Amurka, Charles Cooley, ya kwatanta mutane da madubi. Ya ce abin yana bin hawa uku: da farko muna suranta yadda muka bayyana a idon wani, sannan mu suranta hukuncin da ya yanke mana, daga nan sai mu ji daɗi ko mu ji kunya. Da wannan jin daɗin da wannan kunyar, ana tara su tun ana goye, ake gina abin da mutum yake kira "ni".

Bahaushe bai jira Cooley ba kafin ya san wannan. Dubi yadda muke maganar mutunci. Muna cewa an ci mutuncin wane, an zubar masa da mutunci, ko kuma an mutunta shi. Abu ne naka, amma a hannun mutane yake ajiye. Haka kunya, ba ta tashi sai in da ido. Kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya faɗa ƙarara cewa mumini madubin ɗan'uwansa mumini ne. Saboda haka ni ba na jayayya a kan ko mutum yana ganin kansa a idon mutane. Damuwata ingancin madubin ce, domin akwai madubin da ke ƙanƙantar da mutum, akwai kuma wanda ke kumbura shi, kuma Bahaushen Legas tsakanin waɗannan biyun yake kwana yake tashi.

Na shekara da dama ina koyar da ajin yaƙi da jahilci da daddare, bayan sallar isha. Ɗalibaina 'yan dako ne, masu shayi, masu gadi, masu yankan farce, da 'yan acaɓa da suka rasa aikin yi. Wani dare na gwada musu wani abu da masana biyu, Kuhn da McPartland, suka ƙirƙiro a 1954: a ba mutum takarda mai layi 20, kowane layi ya fara da "Ni", shi kuma ya ƙarasa da abin da ya ga dama. Waɗanda hannunsu bai faɗa ba suka riƙa faɗa ina rubuta musu. Kusan kowa da "Ni Musulmi ne" ya fara. Layi na biyu ko na uku sai ka ji "Ni Bahaushe ne" ko "Ni ɗan Arewa ne". Na tambayi wani saurayi ɗan Bichi, na ce da a Bichi na ba ka takardar nan, za ka rubuta cewa kai Bahaushe ne? Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, a can wa zan gaya wa? Ai kowa shi ne." Ya ce a can da zai ce shi jikan wane ne, ɗan unguwa kaza, mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon unguwarsu.

Abin da yaron nan ya faɗa shi ne abin da William McGuire da abokan aikinsa suka samu a shekarun 1970, lokacin da suka riƙa ce wa yaran makaranta a Amurka su ba da labarin kansu. Yaro yakan fara ambaton abin da ya bambanta shi da na kusa da shi. Wanda ƙabilarsa ba ta da yawa a makarantar shi ya fi ambaton ƙabila, namijin da ya tashi a gidan da mata suka fi yawa shi ya fi ambaton cewa shi namiji ne. To haka Legas take yi mana. Tana ɗauko abu ɗaya daga cikin abubuwa ɗari da suka haɗu suka yi mutum, ta ɗora shi a sama, sauran su nutse. Jikan wane ya ɓace, mai tsaron gida ya ɓace, Alaramma ya ɓace, saura "ɗan Arewa". Kuma buhun da ake zuba mu a ciki babba ne ƙwarai: Babarbare, Bafulatani, Bazabarme daga Nijar, Buzu, Banufe, har Kirista daga kudancin Kaduna in dai ya sa doguwar riga, duk aboki ne.

Wannan ba sabon abu ba ne. Abner Cohen, wanda ya zauna cikin Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin fataucin goro da shanu, ya lura cewa zaman baƙunta bai narkar da su ba, sai ma ƙara musu riƙo da Hausancinsu da ya yi, a sutura da addini da tsarin shugabanci, domin amanar da kasuwancinsu ke tafiya a kai ta dogara da hakan. Akwai alheri a cikin wannan riƙo, kuma ni ma ina cin moriyarsa. Shi ya sa baƙo zai sauka a kasuwar Mile 12 ko ta Alaba Rago bai san kowa ba, kafin dare ya samu wurin kwana da wanda zai tsaya masa. Amma riƙon yana da tsada. Mutumin da bai san kansa da komai ba sai ƙabilarsa, duk wanda ya taɓa ƙabilar ya taɓa shi gaba ɗaya, ba shi da wani ɗaki a zuciyarsa da zai shiga ya fake.

Wanda ya fi ba ni tausayi a cikin wannan lamari shi ne yaron da aka haifa a nan. Hausawa ba jiya suka zo Legas ba. A 1863 wani jami'in mulkin mallaka na Ingila, John Glover, ya kafa wata runduna ta Hausawa a wannan gari, wadda ake lissafa ta a matsayin tushen sojan Najeriya. Zuwa 1912 jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano, goron Agege kuwa ya zaunar da kakannin mutane da yawa a nan tun kafin a haifi iyayenmu. Akwai gidaje a Agege da Idi-Araba da Obalende da aka binne kaka da kakan kaka a ƙasar nan. Yaron irin wannan gida yana jin Yarabanci kamar ruwa, ya san lungunan Mushin fiye da yadda ya san hanyar kasuwar Kurmi ta Kano. A makaranta ana ce masa aboki. In an kai shi Arewa hutun sallah, 'yan uwansa su yi ta dariyar Hausarsa suna ce masa Bayarabe. Madubi biyu aka ba shi, kowanne yana ce masa kai ba namu ba ne. Wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, ba ta wuce shekara goma ba, ta taɓa tambayar mahaifiyarta a gabana, "Umma, mu 'yan ina ne na gaskiya?" Uwar ta ce mata 'yan Katsina. Yarinyar ba ta taɓa taka Katsina ba.

Ba zan ce raini babu shi ba. Wanda ya ga rikicin ƙabilancin da ya faru a Idi-Araba a 2002, ko a Mile 12 a 2016, ya san cewa kalma tana iya zama wuta cikin yini ɗaya. Kuma lokacin da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, ko me mutum zai ce game da dalilan hanin, duk mun ji irin maganganun da aka riƙa yi a motoci da gidajen rediyo, inda "ɗan acaɓa" da "ɗan Arewa" da "ɓarawo" suka kusa zama kalma ɗaya a bakin wasu. Wannan ciwo ne na gaske, kuma ba na neman kowa ya yi kamar bai ji shi ba.

Sai dai akwai wani abu a maganar Cooley da ake yawan tsallakewa. Bai ce muna ganin abin da mutane suke gani ba. Cewa ya yi muna suranta shi. A 1979 masana biyu, Shrauger da Schoeneman, suka tattara binciken da aka yi a kan wannan batu suka duba, sai suka tarar cewa yadda mutum yake kallon kansa ya yi daidai ƙwarai da yadda yake zaton mutane suna kallonsa, amma bai cika yin daidai da yadda suke kallonsa a zahiri ba. Ma'ana, da yawa daga cikin abin da muke gani a madubin nan mu muka zana shi da hannunmu. Mutane ba su cika gaya mana ainihin ra'ayinsu ba, mu kuma muna cike giɓin da abin da muke tsoro.

Ina ganin wannan kullum a layinmu. Matar da ke da shagon kayan masarufi a bakin titi, Bayarabiya ce, in za ta tafi biki Abeokuta ba ta barin mabuɗin shagonta a hannun kowa sai wani mai shayi ɗan Zariya. Mutanen unguwa da yawa wurin mai gadi suke ajiye kuɗin adashinsu. Wanda zai canza dala yakan wuce banki ya nemi malam. Waɗannan mutanen su ne dai masu cewa aboki. A zuciyar mutum ɗaya za ka samu raini da yarda suna zaune tare, amma mu rainin kaɗai muke ɗauka mu tafi da shi gida, yardar kuwa mu bar ta a titi kamar ba da mu ake ba. Wannan zalunci ne da muke yi wa kanmu, kuma 'ya'yanmu suna kallo suna koya.

Yanzu bari in juyo ga ɗaya madubin, wanda ya fi wuyar magana domin namu ne. In dare ya yi aka baje tabarma a majalisa, aka kawo shayi, sai mu rama abin da aka yi mana da rana. Mu ne masu amana, mu ne masu addini, mu ne masu kunya, mu muke ciyar da garin nan, in muka daina kawo tumatir da albasa da shanu kwana uku kowa zai gane kurensa. Akwai gaskiya a ciki. Amma na lura ba a taɓa tashi daga irin wannan hira da niyyar gyara wani abu ba. Ana tashi ne da daɗin rai kawai, kamar wanda ya sha maganin ciwo bai cire ƙayar ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. Henri Tajfel ya gwada shi a kan yaran makaranta a Bristol ta Ingila a farkon shekarun 1970. Ya raba su gida biyu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wai wane mai zane ne zanensa ya fi burge su, sannan ya ba su damar raba lada ga yaran da ba su ma san ko su wane ne ba, sai dai gidan da suke. Nan take kowa ya fara fifita 'yan gidansu. In zane kaɗai zai iya haka, ina ga harshe da addini da baƙunta? Shi kuma Ola Svenson a 1981 ya tambayi matuƙa mota a Amurka da Suwidin su auna gwanintarsu. Kashi 93 cikin ɗari na Amurkawan, da kashi 69 na 'yan Suwidin, suka sa kansu a cikin rabin da ya fi iya tuƙi. Lissafi ba zai taɓa yarda da haka ba. Je ka garejin tirela a Apapa ka yi wannan tambaya, ban jin za ka samu direba ɗaya da zai ce shi matsakaici ne. Gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma Allah da ya halicce mu ya ce kada mu tsarkake kanmu, Shi ne mafi sanin wanda ya yi taƙawa.

Akwai abin da ya fi wannan tayar da hankali, wato ko dalilan ayyukanmu ba lallai ne mun san su ba. A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson suka ba da rahoton wani gwaji. Sun jera safa ƙafa huɗu a kan tebur, iri ɗaya sak, suka ce wa masu wucewa su zaɓi wadda ta fi inganci. Mutane suka fi ɗaukar wadda ke hannun dama. Da aka tambaye su dalili, wannan ya ce laushi, wancan ya ce saƙa, babu wanda ya ambaci wurin da aka ajiye ta. Da aka ce musu ko wurin ne ya ja su, sai suka musanta. Ba ƙarya suke yi ba. Zuciya ce take ƙirƙiro dalili mai kyan ji bayan aiki ya riga ya wuce, mai ita kuma ya gaskata.

Ina tuna wannan duk lokacin da na zauna da uban da ya ƙi sa 'yarsa a makaranta. Zai ce maka tarbiyya yake karewa, makarantun garin nan suna lalata yara. Kuma har zuciyarsa haka ya yarda. Amma yarinyar nan tana yawo da farantin talla tsakanin motoci a Agege har bayan magariba, inda abin da zai lalata ta ya ninka na aji sau goma, kuma cinikin da take kawowa shi ake cefane da shi. Ban ce mugu ba ne. Talauci ne ya yanke hukuncin, zuciya kuma ta sa masa rigar addini don mai ita ya iya barci. In ba a samu wanda zai zauna da shi cikin mutunci ya nuna masa wannan ba, zai mutu yana ganin kansa mai kishin tarbiyya, yarinyar kuma ta tashi ba karatu.

Sai kuma awo. Leon Festinger ya bayyana a 1954 cewa in babu ma'auni tsayayye, mutum da mutane yake auna kansa. Ɗan ci-rani a Legas yana da ma'auni biyu da ba sa haɗuwa. Da rana yana buɗe ƙofa a Lekki ko Ikoyi wa motar da kuɗinta ya fi abin da zai samu a rayuwarsa, sai ya ga kansa ba komai ba. Da dare ya buɗe waya, a ƙauye ana kiransa Alhajin Legas, ƙanne da 'yan uwa kowa na jiran aike. Na san samarin da ke kwana a kan buhunan albasa wata goma sha ɗaya, sannan su ci bashi su ɗinka shadda su sayi babbar waya don zuwa sallah gida, su yi kwana goma suna rabon kuɗi, su dawo su shekara suna biya. Hoton da suka ɗora a TikTok shi zai taso da wasu samari biyar daga ƙauyen su biyo su. Ba wanda ya yi niyyar yaudarar wani. Kowa yana ƙoƙarin zama mutumin da ake gani a ɗaya madubin ne, don ya huce zafin ɗayan.

Wani zai ce, Malam, wannan duk zancen 'yan boko ne, mai jin yunwa abinci yake nema, kuma hali zanen dutse ne. Na yarda yunwa ba ta jin falsafa. Amma na ga mutum biyu masu samu ɗaya, ɗaya yana tara wa ɗansa kuɗin makaranta, ɗaya yana cewa irinmu ba a yi mu don karatu ba. Bambancinsu yana cikin abin da kowannensu ya yarda shi ne. Game da zanen dutse kuwa, akwai binciken da ya fi kowanne ba ni ƙwarin gwiwa. Daryl Bem ya yi bayani a 1972 cewa sau da yawa, musamman inda zuciya ba ta da tabbas, mutum yana gane kansa ne ta hanyar kallon abin da yake aikatawa, kamar yadda zai kalli wani. Ka ga kanka kana yin abu ba tare da an tilasta maka ba, sai ka ce ashe ni mai yin kaza ne.

Na ga wannan da idona. Akwai wani ɗan dako a ajina, ya haura talatin, wanda ranar farko ya ce min shi ya zo rakiya ne kawai, kansa ba ya ɗaukar karatu, tun yana yaro aka gaya masa. Ban yi masa wa'azi ba. Na ba shi ƙaramin littafi na ce kullum ya rubuta adadin kwandunan da ya ɗauka da abin da aka biya shi, ko da lamba kaɗai ce. Bayan wata biyu ya zo da littafin ya nuna min inda ya gano cewa wani dillali yana rage masa kuɗin kwando biyu kusan kowane mako. Ya je ya nuna masa a rubuce, aka biya shi. Yana ba ni labari hannunsa na rawa. Ya ce, "Malam, ashe ni ma ina da kai." Shekara talatin ana gaya masa abu ɗaya, littafin naira ɗari biyu ya gaya masa wani, kuma na littafin ya fi ƙarfi domin da hannunsa ya rubuta.

Malamanmu na da sun san hanyar nan. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo hanyoyi huɗu da mutum zai bi ya san aibin kansa: ya zauna gaban malami mai basira, ya nemi aboki mai gaskiya ya sa shi ya riƙa lura da shi, ya saurari abin da maƙiyansa ke faɗa a kansa, sannan ya cuɗanya da mutane, duk abin ƙi da ya gani a wurinsu ya bincika ko yana da shi. Babu ko ɗaya a cikin huɗun da ta ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. Kuma an ruwaito Sayyidina Umar yana yi wa wanda ya kawo masa aibobinsa addu'ar rahama, yana ɗaukar abin a matsayin kyauta. Ta ukun nan ita ce mai ɗaci a gare mu. In an ce unguwanninmu da ƙazanta, in an ce yaranmu na yawo ba makaranta, in an ce wasu 'yan acaɓanmu na bin hannun da ba nasu ba, kafin mu ce ƙiyayya ce, ya kamata mu fita mu duba kwatar ƙofar gidanmu. Mai faɗa yana iya zama maƙiyi, maganar kuma ta zama gaskiya. Abin da ya zama ƙarya a ciki mu yar da shi ba tare da ya taɓa mana zuciya ba, wanda ya zama gaskiya mu gyara.

Abin da nake roƙon sarakunan Hausawa na unguwanni, da limamanmu, da shugabannin kasuwanni, bai fi ƙarfinsu ba. Muna da kuɗin yin taron naɗin sarauta, muna da kuɗin tarbar 'yan siyasa. A ware wani abu don ajin dare a kowane masallacin Juma'a da ke zango. A nemo 'ya'yanmu da aka haifa a nan suka zama likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da ma'aikatan jinya, suna nan, a riƙa kawo su gaban yara suna magana da Hausarsu mai gauraye da Yarabanci ba tare da an yi musu dariya ba, don yaron Idi-Araba ya ga wani mai kama da shi da zai auna kansa da shi. A koya wa yaran tarihin kakanninsu a garin nan, su san ba a kan tabarmar aro suke zaune ba. Sabon zuwa kuma a ƙarfafa masa ya koyi Yarabanci, domin wanda ba ya jin abin da ake faɗa, duk dariyar da aka yi a mota zai ɗauka da shi ake. Iyaye kuma mu kula da bakinmu a cikin gida. Yaron da uwarsa ke kira daƙiƙi tun safe ba ya buƙatar kwandasta ya ƙarasa shi.

Makon jiya matar nan mai shago ta tare ni a bakin titi. Tana da jika ɗan shekara bakwai, tana so ya fara karatun Alƙur'ani, kuma ta ce ta daɗe tana jin karatun wani dattijo ta lasifikar masallacinmu da asuba, in ya ja aya har tsigar jikinta tashi take. Ta yi tambaya an ce mata Alfa ne babba, wato babban malami, daga Arewa. Ta ce tana jin nauyin tunkararsa da kanta, ko zan roƙa mata shi.

Bayan sallar isha na sami Alaramma na isar da saƙo. Ya ɗago ya dube ni.

"Ni ta ce?"

Na ce, "Kai ta ce, Alaramma."

"Ka tabbata ba liman take nufi ba?"

Na ce masa ta kwatanta shi har da farin rawaninsa da ƙullin goron da yake yawo da shi. Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce in gaya mata ta turo yaron ranar Asabar bayan la'asar, kuma ya zo da allonsa.